Ɗari Huɗu da Sha Biyu a Kan Allo

Lahadi, 20 ga Satumba 1987, Villeurbanne

Matata Halimatou ta yi kuskuren da kowa ke yi. Mun dawo daga fili, wasan ƙarshe na bana, ina ta yabon Ilya tun daga bakin ƙofa, sai ta ajiye ludayi ta ce, "Tsaya, Malam. A cikin goma ya sami uku, ya ɓata bakwai, shi ne kuke murna? Da a lakwal ne ai sai ya maimaita aji."

Na zauna na yi mata bayani kamar yadda na yi wa mutum ɗari kafin ita. A wasan besbol mutum guda ke jefo ƙwallo da iyakar ƙarfinsa, kai kana tsaye da sanda, abokansa sun bazu cikin fili suna jiran su cafke abin da ka buga. In ka buga ta faɗi inda babu kowa, ka ruga ka taka zango na farko, an rubuta maka bugu mai kyau. Ƙarshen shekara a raba bugu mai kyau da yawan tsayuwar da ka yi. Mai uku cikin goma gwani ne. Ta ce to, Allah ya ƙara gwaninta, a zo a ci tuwo kafin ya huce.

Ilya bana: 27 cikin 85, wato 318 cikin dubu. Shi ne na ɗaya a kulob ɗinmu. Yaron da mahaifinsa Alhaji Ɗan Juma ya aiko mini daga Saint-Denis shekara biyu da suka wuce, don in sa ido a kan lissafinsa har ya ci bac, jarrabawar gama sakandare. Ni na kai shi fili don ya rabu da talabijin, ban san zai kama abin haka ba.

Cikin bas ya ce, "Kawu, shekarar da ka yi 412, yaya kake riƙe sandar?" Na nuna masa da lema. Sau nawa ke nan? Ba na gajiya.

Laraba, 23 ga Satumba

Monsieur Vialat ya ƙi.

Ƙarshen Oktoba ake kiran matasa ƴan ƙasa da shekara sha takwas zuwa gwaji a Paris. Kowane kulob na iya aika yaro guda, da wasiƙar shugabansa, a sa ta a poste, gidan waya, kafin 15 ga Oktoba ya wuce. Ilya zai cika sha takwas a watan Maris. Bana ce ko babu.

Vialat shi ya kafa kulob ɗin, shi ke share fili, shi ke wanke riguna. Ya kai sittin. Mutumin kirki ne, amma in ya kafa doka ko shi kansa ba ya tsallake ta. Dokarsa: wanda bai kai 350 ba, ba ya zuwa Paris da sunan kulob. Tun 1981 ba a aika kowa ba.

Ya ja ni gaban allon katakon da ke ɗakin sa kaya, inda ake rubuta sunayen gwanaye da farin fenti. Ya sa yatsa a layin sama. SALEY, 1978, 412. Ya ce, "Kai ka zo daga Zinder ba ka taɓa ganin sanda ba, ka yi wannan. Yaran yanzu da koci da takalmi da komai ba su iya 350? Sun yi laushi, c'est tout, shi ke nan."

Na ce Ilya ba shi da laushi. Amma, in faɗi gaskiya tunda ni kaɗai ke karanta wannan, lokacin da yatsarsa ke kan sunana na ji daɗi. Ban yi gardamar da ya kamata in yi ba.

Alhamis, 24 ga Satumba

Na gaya wa Ilya. Ya ci abinci, ya wanke kwanonsa, ya shiga ɗaki.

Asabar, 26 ga Satumba

Aïcha ce ta tayar mini da hankali, ba ta kuma sani ba. Yarinya ce a ajina na huɗu, mai baki, ba ta barin ko rabin maki ya wuce. Na ba ta 12 cikin 20, ta miƙe ta ce yayarta ta sami 16 a wannan darasin wajen malamin da ya riga ni, yanzu a gida ana cewa ita ce daƙiƙiyar.

Na ji daɗin tambayar ƙwarai. Na ce a rufe littattafai. Na tambaye ta, ajin yayarki, yawancin yara nawa suka samu? Ta ce wannan malamin kowa 14 yake ba shi, ko ka rubuta sunanka kawai. Ajinmu kuwa moyenne, wato matsakaicin maki, tara ce. Na hau allo: 16 a raba da 14, 12 a raba da 9. Ɗaya da ɗigo sha huɗu, ɗaya da ɗigo talatin da uku. Na ce, "Lamba ita kaɗai ba ta faɗin komai. Ku tambaye ta: cikin su wa aka same ki?" Aïcha ta kwafe shi da jan biro don ta kai wa babanta.

Ina cikin share allon hannuna ya tsaya. Wani yaro ya ce, "Monsieur, ça va? Lafiya?"

Shekara tara ina koya wa ƴaƴan mutane wannan. Ban taɓa yi wa 412 tambayar ba.

Lahadi, 27 ga Satumba

Na karɓi makullin kabad ɗin kulob. Takardun ƙarshen shekara na yankinmu suna nan cikin kwalin takalmi, danshi ya taɓa wasu. Kowace na ɗauke da sunan duk wanda ya buga da abin da ya samu. Na kwaso su, na shimfiɗa a teburin kicin bayan la'asar.

1978: in aka haɗa kowa da kowa, moyenne 331.
1987: moyenne 238.

Na san an canza, amma ban san har haka ba. Kuma me zai hana? A zamaninmu filin ƙwallon ƙafa ne, duk ramuka, ƙwallo ta daka tsalle ta bi ta kan mutum. Mai jefa mana mafi tsanani wani mahauci ne da ke jifa kamar yana korar kare. Yanzu Adam, mai jifan kulob ɗinmu, ɗan shekara sha tara, yana jefo wadda ke zuwa kai tsaye sai ta lanƙwashe a gabanka kamar ta tuna wani aike.

Ni: 412 a raba da 331, ya ba da 1,24.
Ilya: 318 a raba da 238, ya ba da 1,34.

Ya fi ni. Na sake sau uku. Ya fi ni.

To, da kaɗan ne. Kuma 1,24 ba abin kunya ba ne, na fi mutanen zamanina da kusan rubu'i. Na kira shi daga ɗaki ban gaya masa dalili ba, na dafa kafaɗarsa. Ya dube ni kamar na zare.

Laraba, 30 ga Satumba

Na kai wa Vialat takardar, na rubuta ta tsaf da layi biyu a ƙarƙashin amsa. Ya sa tabarau, ya karanta har ƙasa, ya miƙo mini.

"Wannan lissafin jami'a ne. Ni na ga bugunka da idona. 412, 412 ne."

Na ce masu jifan lokacin ba su iya ba. Ya ce ban da raina matattu da tsofaffi. Ashe mahaucin ya rasu bara, ban ji ba. Allah ya sa ban ɓata masa rai da yawa ba.

A hanya na tuna da kaye. Littafin da ake rubuta kowane wasa, bugu bayan bugu. Na 1978 yana hannun Nouhou, ɗan kawuna, taubashina, wanda muka zauna ɗaki ɗaya a nan muna ɗalibai. Ya karye a ƙafa wannan shekarar, sai aka ba shi biro ya zauna kan benci. Yanzu yana Bobigny, yana aikin ofis. In Vialat ya ga wasannin da aka tashi 24 da 19, ya ga sunayen masu jifan da idonsa, watakila ya tuna yadda abin yake da gaske.

Na yi wa Nouhou waya. "Gwani! Kana raye? Kaye na nan, Fatsima ta so ta hura wuta da shi na hana." Zan hau jirgin ƙasa ranar Asabar.

Asabar, 3 ga Oktoba, Bobigny

Ina rubutu a ɗakin yaran Nouhou, sun fita wasa, rana ba ta faɗi ba tukuna.

Awa biyu daga Lyon, har yanzu abin na ba ni mamaki. Hawa na tara, ascenseur ya mutu, sai da ƙafa muka hau. Fatsima, matar Nouhou, ta yi dambu da zogale da aka kawo mata daga gida, na ci har na ji kunya. Nouhou ya yi tumbi. Ya ce ni kuma na yi sanƙo, kowa da rabonsa.

Bayan azahar ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Kaye mai koren bango, rubutunsa ƙanana kamar tururuwa. Na yi ta juya shafi ina dariya. Ga 24 da 19 ɗin. Ga ranar da aka tsayar da wasa don akuyar wani ta shigo fili. Komai da nake nema yana ciki.

Sai na lura da ɗigo. A layina, wasu daga cikin bugun da ya rubuta mini akwai ɗan ɗigo a ƙarƙashinsu. Na duba layin sauran, babu ko ɗaya.

Na ce, "Nouhou, wannan fa?"

Ya leƙo. Ya sosa ƙeya. Ya ce wa Fatsima ta duba ko shayi ya yi.

Dokar a fili take: in ka buga, mai tsaro ya saki ƙwallon da ya kamata ya kama, ka isa zango amma ba a rubuta maka. Kuskurensa ne, ba gwanintarka ba. Nouhou ya ce da farko bai san dokar ba. Da aka gaya masa, ya bi ta ga kowa. Ban da ni.

"Ɗan gwaggona ya ruga har ya faɗi yana haki, ya juyo yana dubana kan benci, in rubuta masa ba komai? Kai ke dafa mana abinci fa. Ranar da ba ka buga ba shinkafa ɗanya muke ci."

Na ce to ɗigon na mene ne?

"Tsoron Allah. Na ce in an tambaye ni gobe kiyama, ga su nan a ƙirge."

Fatsima ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ma na yi. Sannan na ƙirga. Shida. Tsayuwa 68, bugu 28, a cire shida, saura 22. Ba na bukatar takarda. 324.

Moyenne ta shekarar 331 ce.

Nouhou ya daina dariya da ya ga fuskata. Ya ce, "Saley, ka tuna yadda kake lokacin. Ka faɗi jarrabawa, ba ka fita, wasiƙar gida ba ka buɗewa. Ranar Lahadi kaɗai nake ganin haƙoranka." Ya ce in bar kayen nan, babu wanda ya sani sai mu uku.

Na sa shi cikin jaka. Ban san don me ba tukuna.

Lahadi, 4 ga Oktoba, cikin jirgin komawa

Na biya Saint-Denis gaida Alhaji. Gaisuwa ta kai minti goma, gida, iyali, sanyi, mutanen Zinder ɗaya bayan ɗaya. Ya sa aka kawo kilishi.

Ya ce, "Malam Saley, yaron nan ba shi da magana sai taka. Ɗari huɗu da sha biyu. Ni da ban san ko mangwaro ake ƙirgawa ba, har na haddace." Ya ce shi bai hana wasa ba, amma in bana ba a kira shi Paris ba, to a jingine sanda a fuskanci bac. Ban ga laifinsa ba.

Na ce in sha Allahu. Jakar tana kan cinyata duk tsawon hirar.

Talata, 6 ga Oktoba

Zan iya nuna wa Vialat shafukan 24 da 19 kawai. Ba dole ya ga ɗigo ba. Idonsa ma ba shi da ƙarfi.

Laraba, 7 ga Oktoba

Ban je ba. Na ce wa Halimatou ina da takardun gyarawa. Akwai su, amma ba su kai haka ba.

Vialat ba zai tsaya a shafi biyu ba, na san shi. Zai karanta daga bango zuwa bango da yatsa. Kuma 24 da 19 ba za su motsa shi ba, zai ce ai masu bugu ne suka iya. Abin da ke riƙe da dokarsa layin nan ne na sama. In yana nan, dokar na nan.

Juma'a, 9 ga Oktoba

Ba ni da digirin da na zo nema. Na tsaya a rabi, na kama koyarwa, kowace shekara a sabunta mini takarda ko a ƙi. A ƙasar nan kaf wuri ɗaya ne aka rubuta sunana a bango. Ɗakin sa kaya ne mai warin safa, na sani. Duk da haka.

Lokacin da na kawo Halimatou daga gida, kafin in kai ta ganin kogi can na fara kai ta.

Asabar, 10 ga Oktoba

Ilya ya shafa wa safar hannunsa ta kama ƙwallo mai, ya naɗe ta cikin tsohuwar riga, ya ɗora saman kabad inda muke ajiye bargon da ba a amfani da shi. Na tambaye shi. Ya ce, "Ça fait rien, ba komai, Kawu. Ban kai ka ba, shi ke nan. Ba kowa ne kai ba."

Da murmushi ya faɗa, don kada in ji nauyi. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Lahadi, 11 ga Oktoba

Halimatou ta ritsa ni da safe muna shan koko. "Jakar nan da kake yawo da ita har banɗaki, zinariya ce ciki?"

Na gaya mata duka. Na nuna mata ɗigon. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce Nouhou ɗan albarka ne amma ba za ta taɓa ba shi ajiyar gishiri ba.

Na ce ba abin dariya ba ne. Ta ce, "Malam, ranar da ka kai ni ɗakin nan mai wari, na ce masha Allah don na ga kana so in ce. Har yau ban san ɗari huɗun me ba ne. Amma yaron nan amana ne a hannunka, wannan na sani."

Ta tashi ta kwashe kofuna.

Litinin, 12 ga Oktoba

Ban iya faɗa da baki ba, sai na yi yadda na saba. Da ya dawo lakwal na zaunar da shi a kicin, na ajiye masa kaye, da takardun yanki, da farar takarda. Na ce aikin gida ne, tambaya uku. Nemo moyenne ta 1978 da ta bana. Raba lambar kowane gwani da ta shekararsa. Na uku: a layin Saley, duk bugun da ke da ɗigo kuskuren mai tsaro ne, cire shi ka sake.

Na juya ina yanka albasa da ba a sa ni ba.

Na ji biro na tafiya. Na ji ya tsaya. Ya sake tafiya. Can ya ce, "Kawu, akwai erreur a lissafina."

Na ce nawa ka samu?

"0,98."

Na ce babu erreur, babu kuskure ko ɗaya. Naka fa?

Da ƙyar ya ce 1,34.

Na ce to karanta mini da Hausa, ba da lamba ba. Ya ƙi. Na ce ni zan karanta: Saley mutum ne kamar kowa a shekararsa, har ya ɗan gaza. Ilya ya fi na shekararsa da kashi ɗaya cikin uku. Na ce, shekara biyu kana bin abin da babu shi, kuma ni na bar ka.

Ina jira ya yi fushi, da ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya ce, "To riƙon sandar da ka koya mini fa? Shi ma da ɗigo?"

Na ce wannan na gaske ne, wajen korar tsuntsu a gonar kakana na samo shi. Ya fashe da dariya, ya kifa kai a tebur. Albasar ta yi mini amfani.

Laraba, 14 ga Oktoba

Mun je tare. Vialat na zaune kan benci yana ɗinke wata tsohuwar ƙwallo. Na miƙa masa kaye na ce ya duba layina, ya duba ƙasan haruffa.

Kamar yadda na zata, da yatsa. Kuma ya tuna su. "Wannan, watan Mayu, ɗan gidan burodi ne ya sake ta, rana ta shiga idonsa. Wannan ta bi tsakanin ƙafafun likitan haƙori." Ɗaya bayan ɗaya har shida. Ya ce shi ya zaci an rubuta su kuskure tun ranar. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce kaye ba abin wasa ba ne, ya ce in Nouhou ya sake taka filinsa zai kore shi da tsintsiya. Na bar shi ya gama.

Sannan na ce, "Monsieur Vialat, a kan lambata ka gina 350. Ga lambata."

Ya tashi ya shiga ɗakin sa kaya. Muka bi shi. Ya daɗe gaban allon. Sunansa na layi na uku, 1977, 362, ya buga yana da shekara hamsin. Bai juyo ba ya ce wa Ilya, "Petit, raba nawa."

Ilya ya duba takarda. Moyenne 340. Ya ce 1,06.

"Saley kuma?"

"0,98."

"Ashe na fi shi." Ya maimaita. "Shekara tara ina gaishe shi kamar janar, ashe na fi shi!"

Ya tambayi na Ilya, aka gaya masa, ko da yake ya riga ya gani tun mako biyu da suka wuce. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya ce akwai yara biyu, 83 da 85, da ya hana zuwa. Ya faɗi sunayensu.

Ya rubuta wasiƙar a tsaye, kan injin wanki.

Alhamis, 15 ga Oktoba

Poste, ƙarfe takwas da rabi na safe, kafin aji. Na sa matar ta buga hatimin a gabana, na duba kwanan watan. Ta ce, "Wasiƙar soyayya ce?" Na ce kusan.

Safar hannu ta sauko daga saman kabad.

Litinin, 19 ga Oktoba

Aïcha ta ce babanta ya karanta lissafin ya ce to, amma duk da haka 16 ta fi 12 daɗin ji. Na ce ki gaishe shi, na fahimce shi fiye da yadda yake zato.

Asabar, 31 ga Oktoba, Paris

Fili a dajin Vincennes, ciyawa kamar darduma, babu rami ko ɗaya. Yara kusan sittin. Sanyi.

Alhaji ya zo, babbar riga da kwat a sama, da butar shayi. Kowane minti biyar sai ya ce, "Malam Saley, wa ke ci?" Na ce ba a ci yau, dubawa ake. Ya ce to a duba da kyau. Nouhou ma ya zo, ya zaro biro daga aljihu don tsokana, na ƙwace.

Masu jifan nan sun fi Adam. Tsayuwar farko Ilya bai ko taɓa ba. Ta biyu ma. Alhaji ya fara gyaran murya. Na ce masa, Alhaji, uku cikin goma ake nema, ka ba shi goman tukuna. Ta huɗu ya aika ta tsakanin mutum biyu, ta yi ta birgima har shinge. Alhaji ya miƙe shayi na zuba a kwat, yana kiran sunan kakan yaron.

Biyu cikin bakwai ya tashi da su. Na leƙa takardar wani koci, yawancin yaran ɗaya suka samu ko babu. Na raba dai a zuci.

Laraba, 4 ga Nuwamba

Waya daga Vialat, yana ihu kamar gidan na ci da wuta. An riƙe yara ashirin da huɗu su koma a watan Afrilu. Ilya na ciki.

Alhaji ya ce sanda ta zauna, amma bac ma ta zauna. Na ce wannan aikina ne.

Asabar, 7 ga Nuwamba

Na je da gwangwanin fenti da ƙaramin buroshi. Vialat ya ce a bar 412 don tarihi, na ce a'a. Na shafe, na jira ya bushe, na rubuta 324. Layin ya ɗan karkace. Ya sa aka ƙara wani gefe a allon, kowane suna da lambarsa ta raba, kuma ya ce shi zai rubuta nasa da nawa da hannunsa, kusa da juna, don masu shigowa su gani. Ya rubuta wa yaran nan biyu na 83 da 85 wasiƙa, bai gaya mini abin da ya ce ba.

Sunana yanzu na layi na tara. Na tsaya na dube shi. Na zaci zai yi zafi fiye da haka. Watakila gobe.

Da na dawo na tarar da sandar Ilya jingine bayan ƙofa, da takarda manne: "Kawu, gobe ƙarfe goma. Jifa goma. Adam ya yarda." Halimatou ta ce ita za ta riƙe kaye, kuma bironta bai san ɗigo ba.

Ban ce zan je ba. Na dai nemo tsohon takalmina, ya ɗan matse a yatsa. Shekara bakwai ban tsaya gaban mai jifa ba, kuma wadda ke lanƙwashewa ban taɓa tsaya mata ba ko sau ɗaya.

Je ka gwada, Saley. Uku cikin goma. Ko ɗaya ma, in taka ce.